Kawu Mai Kukuma da Kuɗin Ƙofarsa

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa a Batsari, tabarmin gidan ba su ishi masu gaisuwa ba, sai da aka aro na maƙwabta. Ina zaune jikin bango ina amsa ta'aziyya, amma kunnena yana wajen hirar da ake yi ƙasa-ƙasa, don ni tun ina yaro ina da son jin abin da mutane ke cewa in sun ɗauka ba a jin su. Wani dattijo daga Zakka ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Ni dai ban taɓa ganin makaɗin da ke aje kukuma tsakiyar waƙa in an kira la'asar ba sai shi." Limamin unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana kau da kai in ya ga Kawu da jakar kukuma, ya yi gyaran murya ya ce ai sahun gaba bai taɓa rasa shi ba, sauran kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Can cikin gida, Inna ta ba ni labari daga baya, wata tsohuwa mai sayar da wake daga Wagini ta shigo da kukanta, ta zauna, jim kaɗan sai aka ga ƙafarta tana buga ƙasa a hankali. Da ta lura ana kallonta sai ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce, "Ku yafe mani, ita ce ta tuna shi."

Kafin azahar har gardama ta tashi a kan tabarma. Wani mutumin Safana ya rantse cewa Kawu da waƙar masu jakai yake buɗe wasa. Na kusa da shi, ɗan garinmu, ya ce ƙarya ne, da waƙar shanu yake farawa, shekara nawa yana zuwa. Suka fara ɗaga murya a gidan makoki, sai da aka tsawatar. Baba mai kalangu, wanda ya yi wa Kawu kiɗa tun suna samari, ya dube ni na dube shi. Dukanmu mun san amsar, amma ni na san ta ne ta hanyar da ba ta da daɗi. Abu guda Kawu ya fi tsoro a duniya: mutum ya tako ƙasa don jin waƙarsa, ya koma gida bai ji ba. Sau ɗaya tak hakan ta faru a rayuwarsa, kuma ni ne sanadi. Don haka na ga in ban rubuta ba, za a tuna da muryarsa a manta da hikimarsa, ni kuma in tafi da nawa a ciki.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne kamar kowa, gero da wake, ba ya taɓa kukuma sai an kai amfani gida. Gajere ne, hularsa kullum a karkace, kuma gaskiyar Allah muryarsa ba wata murya ba ce. Akwai waɗanda suka fi shi zaƙi nesa ba kusa ba. Amma filinsa bai taɓa yin sanyi ba, kuma wannan shi ne abin da ya dame ni tun ina makaranta. Me yake yi wa mutane?

Wasansa na ranar kasuwa ne. Ana kewaye wani fili a bayan kasuwa da zana, a bar ƙofa guda, a fara bayan azahar, a tashi kafin magariba. Ba ya wasan dare, yana cewa ba zai yi wa mutumin da ba ya ganin fuskarsa waƙa ba. Kafin a ɗaura zana sai ya bi ta wajen masu fura da nono, ya sha ƙwarya guda, ya tambayi kuɗinta. Abin da aka ce masa shi ne kuɗin ƙofa na ranar. Shekarun da aka samu mulkin kai, kwabo biyu ne ko taro, in nono ya yi wuya ya kai sisi. Wanda ya biya sai a dangwala masa shuni a bayan hannu, shi ke nan ya shiga.

Da na gama kwalejin malamai na dawo gida kaina cike da lissafi, sai na tare shi na ce, Kawu, mutane fa suna turereniya a ƙofar nan, ko sule ka ce za su biya. Ya yi dariya har hular ta ƙara karkacewa.

"Tica, zauna ka ji. Mutumin da ya biya kuɗin da ya ji zafinsu ba ya rawa. Zama yake ya harɗe hannu yana jira ya ga ko an cuce shi. Wanda kuma bai biya komi ba, wasan ba nashi ba ne, ya shigo ya fita kamar mai cigiyar akuya. Amma na kuɗin fura, ya biya ya manta, kuma ya san yana da rabo a filin."

Na ce to ina ya san haka? Ashe gwadawa ya yi. Wata shekara da aka samu gero sosai, ya ce zai yi wa mutanen Zakka wasa kyauta don godiya. Baba mai kalangu ya ce bai taɓa ganin taro irin na ranar ba, kuma bai taɓa ganin mataccen fili irinsa ba. Masu goro suka shigo da faifayensu, mata suka zauna suna tsefe kai, wasu mutum biyu suka yi cinikin jaki tsaf a tsakiyar fili, har da duba haƙora. Kawu yana goga kukuma yana kallonsu, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki. Da aka tashi ya ce, "To, mun koyi wannan."

Haka yake da komai. Idonsa ba ya kan hannun masu liƙi, yana kan ƙafafu. In ya ga mata sun sauke ƙwarya daga ka sun aje a ƙasa, ya san sun yanke shawarar tsayawa. Ba ya jera waƙoƙi biyu masu zafi. In ya tada mutane da guda sai ya kawo mai sanyi, tsofaffi su huta, masu goyo su gyara goyo. In kuma waƙa ta kai amshi na uku bai ga ƙafa ta motsa ba, sai ya ƙyafta wa Baba ido su bar ta ba tare da jin kunya ba, ko da kuwa makon jiya ita ce ta tada gari.

Amma babban sirrin shi ne jerin waƙoƙin, kuma na daɗe ban gano shi ba, sai da na riƙe masa ƙofa kaka biyu. Wanda gidansa ya fi nisa, shi ake fara yi wa. A Batsari, Fulanin da ke ruga gaba da Wagini su ne na nesa, sai ya buɗe da waƙar shanu. Daga nan masu jakai, sai waƙar wake ta matan ƙauyukan kusa, sannan a ƙarshe mutanen gari, waɗanda ko an kira magariba taku kaɗan ne su kai gida. A Safana kuwa masu jakai ne ke zuwa daga nesa, sai ya fara da tasu. Kun ga masu gardamar nan dukansu suna da gaskiya.

Na ɗauka tausayi ne kawai, kada dare ya yi wa na nesa a hanya. Ya ce akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba. "Na nesa ba shi da lokacin jan aji, Tica. Yana jin tashi ta zo zai faɗa fili, don ya san rana na tafiya. Shi ke kunna wutar. Ɗan gari kuwa sai ya ga wani ya yi zufa kafin ya cire takalmi."

Ita waƙar shanun tana da tarihi. Kawu yana saurayi kurkunu ya kama shi a ƙafa a kan hanyar Wagini, ya kasa tafiya. Mahaifiyar Arɗon wannan ruga, wadda kowa ke kira Dada, ta sa aka ɗauko shi, ta yi jinyarsa wata biyu da nono da haƙuri. Yana kwance yana jin yadda take kiran shanunta ɗaya bayan ɗaya wajen tatsa, har ya haddace su. Da ya warke sai ya jera su a waƙa, uwa da 'yarta da jikarta. Kowace kaka Dada takan zo kasuwa ta faɗa masa sunayen sababbin maruƙa, ya ƙara a ƙarshe. In ya fara ta, sai ka ga sanduna sun tashi sama, samari suna tsalle, ita kuma Dada tana tsaye tana gyaɗa kai, in ya kuskure suna guda ta ɗaga yatsa.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Aka canza kuɗi zuwa naira, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset. Ni ma na sayi babur, na kuma sayo lasifika mai aiki da batirin mota, don na je Kaduna na ga yadda ake wasa a can. Na zo wa Kawu da tsari: a kawo bencina, a yi tikiti na takarda naira guda, a ɗaga zana kan dogayen itatuwa kada a leƙa. A fara da yabon manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waƙar shanu kuma tunda kowa ita yake so, a ajiye ta ƙarshe don kada kowa ya tafi.

Sau biyu yana ƙi. A na biyun har muka ɗaga wa juna murya, na ce masa zamani ya wuce shi, kalmar da har yau in na tuna ta sai na ji kunya. Inna ce ta shiga tsakani, ta ce, "Yaya, ka bar shi ya gwada sau guda mana, ai ba don banza aka kai shi makaranta ba." Kawu ya shiga shafa wa tsarkiyar kukuma ƙaro. Can ya ce, "Wallahi ni ma ina son in ga abin da zai faru." Son sanin nan nasa shi ya ja shi. Ya ce amma da sharaɗi biyu: a fara da azahar daidai don a kai ga waƙar shanu rana na sama, kuma Fulanin ruga su shiga a kuɗin fura. Na ce na ji.

Da safen ranar wasan Arɗo ya aiko masa. Gobe za su tashi da shanu su yi kudu neman ciyawa, kuma Dada ta tsufa, ba ta iya takowa, amma ta ce a ɗora ta a jaki a kawo ta. Kawu ya ce a gaya mata za ta ji shanunta duka.

Azahar ta yi, bencinan gaba babu kowa. Manyan da na gayyata ba su zo ba, ni kuma na ce ba za a fara babu su ba. Kawu ya aiko Baba sau biyu, ina cewa yanzun nan. Ba su iso ba sai bayan la'asar, suna ƙamshin turare. Suna kan layi da takardun naira a hannu sai ga Arɗo da mutanensa kamar goma sha biyu, Dada a kan jaki an riƙe ta gefe da gefe. Arɗo ya gaishe ni da kyau, ya kwance bakin rigarsa ya miƙo mini 'yan kwabbai. Na dubi kwabban, na dubi manyan da ke bayansa suna kallo. Kunya ta kama ni in karɓi kuɗi iri biyu a gabansu. Zuciyata kuma ta ce ai yau sun sayar da sa, ba rasawa suka yi ba.

Na ce, "Yau naira ce, Arɗo."

Bai yi gardama ba, irinsu ba sa yi. Ya dube ni kaɗan, ya mayar da kwabbansa ya ƙulle, ya ce, "To, madalla." Suka ja jakin suka koma gindin tsamiyar da ke can gefe suka tsaya. Na ce a raina ai lasifika za ta kai musu.

Kafin ya fara Kawu ya yafuto ni ya ce, "Sun zo?" Na ce suna can baya. Bencina da masu tsayuwa sun tare masa gani, zanar da na ɗaga kuma ta hana shi hango sanduna da malafu kamar yadda ya saba.

Kai, ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ya cika, amma kamar ana taron biyan haraji. Kowa ya zauna ya harɗe ƙafa. In waƙa ta ƙare sai a tafa sau uku a duba agogo. Masu tsayuwa a baya, waɗanda suka matse suka biya naira, sun tsuke fuska suna jira su ga abin naira. Baba ya matsi kalangu har jijiyar wuyansa ta fito, ko yatsa bai motsa ba. Liƙi kuwa kamar ruwa. Kuma a al'adar kiɗa, mutum in yana tsaye yana liƙi ba a yanke masa waƙa. Wannan ya zauna wancan ya miƙe, kowa yana son a maimaita yabonsa ya fi na ɗan'uwansa tsawo. Ina ganin Kawu yana ɗaga kai yana duban rana, takardun kuɗi suna zamewa daga goshinsa.

Da rana ta yi ja, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Wani ɗan kasuwa yana tsaye da kuɗi a hannu, Kawu ya yanke yabonsa ya faɗa waƙar shanu. Ya kira saniya ta farko, ya kira ta biyu. Babu sanda, babu guɗa. Ya tsaya. Ya miƙe da kukumar a hannu, ya ratsa bencina ya zo ƙofa, ya wuce ni ya leƙa waje. Gindin tsamiya babu kowa sai kashin jaki. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya gane komai ba tare da ya tambaya ba. Ya koma ya sallami mutane da godiya. Kuɗin da aka samu ranar sun fi na kaka guda, na kai masa a jaka, ya ce in aje can.

Washegari ana idar da sallar asuba ya buga mini ƙofa. "Tada babur." Muka wuce Wagini muka shiga gonaki. Muka tarar da rugar wayam. Bukkoki sun zama tsirarun itatuwa, turaku a kafe babu igiya, tokar murhu da sauran ɗumi. Wani manomi mai tara kara ya ce tun kafin gari ya waye suka ɗaga. Na ce mu bi su, shanu ba sa sauri. Muka bi sawu har bakin wani rafi, babur ya nutse a yashi, a ƙetare kuma sawun ya gauraya da na garkuna da yawa, don makon kowa tashi yake. Muka turo babur muka dawo rugar.

Na shirya jin faɗa, wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai ya nufi inda bukkar Dada take, ya share wuri da tafin hannu ya zauna, ya fito da kukuma.

"Baba ba ya nan. Kai za ka yi mani amshi."

Na ce ban san sunayen ba.

"Shekara nawa kana ƙofa? To, in na faɗa ka faɗa."

Ya fara daga saniyar farko. Yana kira ina maimaitawa, uwa da 'ya da jika, rana tana hawa. Ban taɓa sanin waƙar tana da tsawo haka ba. Bai tsallake ko guda ba, bai kuma yi sauri ba, har ya kai ga maruƙan bara. Nan ya tsaya, don na bana ba a samu faɗa masa ba. Ya mayar da kukuma jaka, ya karkaɗe rigarsa, muka hau babur.

Da damina ba su dawo ba. Wata daminar ma haka. Daga baya wani mai fataucin shanu ya ce sun samu wuri a kudu sun zauna, kuma Dada ta rasu can. Kawu ya ci gaba da wasa wasu shekaru, zana a gajarce, ni a ƙofa da shuni, lasifikar kuma na bai wa masallaci. Bai taɓa tada maganar ba, ko da wasa, ko a gaban Inna. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai, ga shi na kasa tambaya.

Sai a ciwonsa na ƙarshe, wani hantsi da na je na tarar da shi kaɗai a zaure an jingina shi da bango. Na durƙusa na ce, Kawu, maganar ranar nan ta naira, ban taɓa neman gafararka ba. Ya daɗe yana kallona kamar yana duba ko ƙafata za ta motsa.

"Kai ai na yafe maka tun kafin mu kai Wagini, Tica. Ni ne na ce mata za ta ji, kuma ni ban samu wanda zan roƙa ba."

Kwana tara bayan nan ya cika. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Dada a inda take kwance. Wanda duk ya karanta wannan, in ya yi musu addu'a, don Allah ya sa da ni, ni ne na tsaya a ƙofar nan.